Baba Ya Ce Sai An Aza Harsashi

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in daina noƙe-noƙe, in buɗe baki in yi magana kamar sauran mata. Na gode, 'yar'uwa. Da kin san gidanmu da kin sassauta mini. Amma ki ji abin da ya faru makon nan tukuna.

Ga wanda yau ya fara karantawa: ni ce mai rubuta rahoton taro a ofishin da ke shirya gina sabuwar masana'antar ƙarfe a bayan garinmu. Masana'antar dai har yau tana kan takarda. In ka je filin, ba abin da za ka gani sai wani ƙaton allo mai hoton bututun hayaƙi, shi ma rana ta cinye fentinsa. Ban shiga aji ba sai da na shekara goma sha tara, bayan rasuwar kakata da na yi wa jinya, don haka hannuna ba shi da sauri a rubutu. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ko taron awa uku aka yi, ina kusurwa na yi shiru, in an tashi sai in koma teburina in zubo maganar kowa yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa a ofis suke ce mini Rikoda.

Wanda ke nemana kuwa mai awon fili ne, irin masu yawo da na'ura mai ƙafa uku da jar hular kwano. A nan zan riƙa ce masa Mai Awo. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da manyansa suka zo wajen Baba. Baba ya karɓe su hannu bibbiyu, sannan ya ce, "Yaron yana da hankali, ban ƙi shi ba. Amma aikinsa ya rataya a jikin masana'antar da ba a gina ba. Ranar da aka aza harsashi, ku dawo a sa rana."

Sau uku ana sanar da ranar aza harsashin, sau uku ana ɗagewa. Yayata ta ce leshin da ta ɗinka don bikina ya riga ya matse ta, in aka ƙara ɗagewa ni zan biya tela ya buɗa mata.

To ga inda gizo ke... kai, bari in faɗa kai tsaye. Bankin da zai ba da kuɗin ginin ya ce sai an shimfiɗa layin dogo na kilomita goma sha ɗaya daga babban layi zuwa ƙofar masana'antar, don kawo tamar ƙarfe da kwal. Mai Awo ne ke auna hanyar. Ya gama kilomita goma. Na ƙarshen ya bi ta wani fili a bayan tashar manyan motoci, kuma yau mako shida ke nan da ƙungiyar direbobi ta jera tireloli arba'in da uku a kan filin, ta ce ba mai kafa ko turke ɗaya. Kun san wa ke shugabancin ƙungiyar? Baba. Mahaifina. Shi ne ya gindaya sharaɗin, shi ne kuma ya tare hanyar cika shi. Wani lokacin in na tuna sai in rasa kuka zan yi ko dariya.

Ranar Talata aka yi taron sirri da wakiliyar bankin. Na sa atamfata mai ruwan toka da farin mayafi, don ba na son kayan da za su sa a lura da ni a ɗakin taro. Matar gajeriya ce, da tabarau mai sarƙa a wuyanta. An ajiye mata ruwa da lemo, ko kallonsu ba ta yi ba. Darakta ya kwashe kusan awa guda yana nuna hotuna a bango: ga tanderun narka ƙarfe, ga gidajen ma'aikata, ga mutum dubu uku da za su sami aiki. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta cire tabarau ta ce:

"Ranka ya daɗe, hotunan sun yi kyau. Amma gadar da ke hanyarku ba za ta ɗauki nauyin tama a mota ba, injiniyoyinmu sun gwada. Ba jirgi, ba masana'anta. In awon layin dogo bai iso teburina ba kafin ƙarshen wata, mun janye, kuma ba za mu dawo ba."

 Na lissafa a raina: kwana goma sha biyu suka rage.

Da aka watse, Darakta ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Mutum ne mai fara'a, ko zai kore ka da murmushi zai yi.

"Rikoda, maganar ƙarshen nan da baƙuwarmu ta yi, kada ta shiga rahoto."

"Ranka ya daɗe, ai ta faɗa."

"Na san ta faɗa, ina wurin. Rahoton nan ana raba shi ga kowa, har ƙungiyar direbobi. In suka ji wuyanmu na hannunsu, me kike zato? Sai su ce sai an ba su rabin masana'antar. Ƙananan masu zuba jari kuma su gudu. Ki bar ni in lallaɓa abin a hankali."

"Mako shida ana lallaɓawa, ranka ya daɗe."

Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Murmushin ya ɗan ragu. Ya ce, "Kin tuna takardar riƙe sirri da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki? Kuma na san 'yar wane ce ke. Mutane sun ce kada in bar ki a ɗakin taro, na ce na yarda da ke. Kada ki ba ni kunya."

Na koma teburina. Na buga rahoton gaba ɗaya, har da maganar matar, kalma bayan kalma, na ajiye wa Darakta a tiren teburinsa. Ni ban iya cirewa ba. Malamar da ta koya mini rubutu ba ta koya mini wannan ba.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Mai Awo ne.

"Ranki ya daɗe Sakatariya, an tashi?"

"An tashi."

"Me aka ce?"

"Ka ci abinci?"

"Wato ba daɗi ke nan. In kika tambayi abinci ba daɗi. Ina filin surukina, ki biyo."

Na biya bayan la'asar. Ku zo ku ga abin takaici. Tireloli sun yi sahu kamar an ja musu layi, an ɗaura igiyar shanya daga wannan madubi zuwa wancan, singileti da tawul suna lilo. Ga Mai Awo a inuwar wata jar tirela, zaune a kan taya, na'urarsa a naɗe cikin jaka, direbobi sun ba shi shayi a kofin roba suna koya masa wasan kati. Haka suke yi masa kullum. Ba zagi, ba duka. Da safe su gaishe shi, su ba shi wurin zama, amma da ya taɓa jakar na'ura sai wani ƙato da suke kira Birki ya miƙe ya yi miƙa a gabansa.

"Ga amaryar shekara mai zuwa!" in ji Birki da ya hango ni. "Ko ta shekarar da ke bayanta, Injiniya?"

Suka fashe da dariya. Mai Awo ma ya yi, amma na ga jijiyar goshinsa ta tashi. Muka matsa gefe, kusa da tarin turakunsa masu jan kai, waɗanda har gara ta fara taɓawa.

"Faɗa mini," ya ce.

"Ka san ba zan iya ba."

"Ni fa? Ni ma?"

"Kai ma."

Ya cire hular kwanon ya share zufa da hannun riga. Rigar shuɗiya ce, wadda na ce masa tana yi masa kyau, wuyanta duk ya koɗe. Ya ce, "To ni bari in faɗa miki nawa, don ni ban sa hannu a takardar kowa ba. Kamfaninmu ya gaji da biyana ina shan shayi. In wata ya ƙare ban gama ba, za su tura ni wani aikin hanya, tafiyar kwana biyu daga nan, shekara uku. Aikin da ya rage mini a filin nan na kwana huɗu ne. Kwana huɗu! Ki yi wa Baba magana."

"In ce masa me?"

"Abin da kika ji."

"A kore ni?"

"A kore ki, in aure ki, in ciyar da ke."

"Da wane aikin? Wanda ke jikin allo?"

Na yi nadamar faɗar haka tun kafin in rufe baki. Ya mai da hularsa. "Kin fara magana irin ta Baba," ya ce. Ya koma kan tayarsa. Har na isa gida ban ga saƙonsa ba. Na rubuta "Yi haƙuri" na goge, na sake rubutawa na goge. Daga baya na tura masa hoton kofin shayi kawai. Ya gani, bai amsa ba.

A gida na tarar da Umma tana guga a tsakar gida, Yaya ta zo wuni tana kwance a tabarma tana danna waya.

"Malama Shiru an dawo," in ji Yaya. "Yau me kunnuwan suka kwaso mana?"

"Ba komai."

"Umma kin ji ko? Ba komai. Yarinyar nan ko gobara ta gani a hanya sai ta ce ba komai."

Umma ta kife dutsen guga ta dube ni. "Auta, idonki ya faɗa. Ni fa na gaji. Ƙawayena sun daina tambayata yaushe, yanzu sai dai su ce Allah ya kawo lokaci, da irin muryar nan ta gaisuwar mara lafiya. In kin san wani abu, ki raɗa mini, ni zan san yadda zan shigar wa mahaifinki."

"Umma, amana ce."

"Mu kuma da muka haife ki fa, ba amana tsakaninmu?"

 Na ɗauki sauran kayan na ci gaba da ninkewa. Kuna cewa in buɗe baki. Wa zan buɗe wa? Kowa so yake in zuba masa a kunne shi kaɗai, ya je ya yi amfani da shi yadda ya ga dama.

Baba ya shigo gab da magariba, da 'yar rediyonsa a hannu da makullan da ba ya rabuwa da su, ko da yake shekara biyar ke nan rabonsa da tuƙi. Na kai masa ruwa na durƙusa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "an ce an gan ki a fili."

"Na biya, Baba."

"Yaron nan yana da haƙuri. Wallahi yana burge ni. Da direba ne da tuni na ba shi mota."

Na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Baba, da za a bar shi ya yi awon nan... ai awo ne kawai. Kwana huɗu."

Ya kashe rediyon. In Baba ya kashe rediyo, to magana ta zama babba.

"Awo ne kawai. Haka aka ce mana lokacin da za a yi babbar hanyar da ta zagaye gari. Turaku ne kawai. Kafin shekara biyu tasharmu ta zama kango, masu sayar da abinci suka watse, bakanike goma sha suka koma ƙauye. Kin san jirgi ɗaya kayan tirela nawa yake ɗauka? Sittin. Mutum ɗari biyu da wani abu ke kallon fuskata, kowanne da iyali. Darakta da bakinsa ya ce mini har yanzu ana duba hanyar mota, ba a yanke ba. In muka daure, dole su ba mu dakon tamar. In muka janye yau, gobe ko gaisuwarmu ba za su amsa ba."

"In kuma aka fasa masana'antar gaba ɗaya fa, Baba?"

Ya yi dariya har da tari. "A fasa? Bayan duk kuɗin da suka narkar? Uwata, ke dai ki riƙe birki. Na san abin da ke damunki. Za a aza harsashi, za a yi bikinki, kuma tirelolinmu ne za su yi miki rakiya."

Yaya ta ce daga tabarma, "Da jikokina a gaba suna riƙe da fure."

Na shige ɗaki na kifa fuska a filo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne. Ƙarya aka yi masa, ya ɗauke ta ya gina katanga a kai, ni kuma ina zaune da gaskiyar a cikina kamar na haɗiyi dutse.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Darakta bai ce mini komai ba, in mun haɗu sai murmushi. Na ɗauka ya haƙura ya bar rahoton yadda na rubuta. Har na fara jin sanyi a raina: in takardar ta je hannun ƙungiya da kanta, ai ba ni na fasa sirri ba. Mai Awo kuwa saƙo ɗaya ya turo a kwana uku: "An aiko mini da fom ɗin canjin wurin aiki. Ban cike ba tukuna." Na karanta "tukuna" ɗin nan ya fi sau ashirin.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki, hannuna duk kumfa, na ji motsin mutane a falo. Umma ta leƙo ta ce, "Sa mayafi, mahaifinki na kira."

Dattawan ƙungiya ne su bakwai, sun cika kujeru, wasu a ƙasa kan kafet, Birki ya tokare ƙofa. Takalmansu sun yi tsibi a waje. A kan tebur ga farar ambulan mai tambarin ofishinmu. Baba ba ya karatun boko, kuma tun da na iya, ba ya yarda kowa ya karanta masa takarda sai ni, ko da sakataren ƙungiya na zaune.

"Ga rahoton taronsu da banki an aiko," in ji Baba yana miƙo mini. Ya juya wajen mutanensa, cike da alfahari. "Ita ta rubuta shi da hannunta. Uwata ba ta ragi, ba ta ƙari. Abin da kuka ji a takardar nan, shi aka faɗa a ɗakin. A kansa za mu yanke ko mu janye ko mu ƙara wata guda."

Na goge hannuna a zani na zauna a bakin kafet. Shafi na farko nawa ne, na gane kowace kalma. Na biyu ma haka: tanderu, gidajen ma'aikata, mutum dubu uku. Ina karantawa suna gyaɗa kai. Na juya shafi na uku.

Ba ta nan. Maganar matar ba ta nan. A wurinta an sa wata jimla mai santsi da ban taɓa ji a ɗakin ba. A ƙasa kuma ga sunana, an buga shi ɓaro-ɓaro: wadda ta rubuta.

"Ci gaba mana," in ji Baba.

Bakina ya karanta kafin zuciyata ta hana shi. "Wakiliyar banki ta nuna gamsuwa da shirye-shiryen, kuma ana ci gaba da nazarin hanyar mota da ta jirgi."

Falon ya kaure. "Ba mu faɗa ba!" "Sun fara laushi!" Birki ya buga ƙofa da tafin hannu har labule ya girgiza. Wani dattijo mai farin gemu ya ce a ƙara tireloli goma a filin, wani ya ce wata ɗaya ya yi kaɗan, a yi biyu. Baba yana murmushi yana kallona, irin kallon da ya yi mini ranar da na fara karanta masa lambar mota.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Na saci kallo. Mai Awo: "Sun ce in mai da fom ɗin ranar Litinin."

Na dubi takardar. Aikin nan shi ne abu na farko da na samu da kaina a duniya. Na san in na yi magana a gaban mutum takwas, kafin azahar ta kai kunnen Darakta, ranar Litinin kuma wata ce za ta zauna a kusurwata. Na san kuma Baba zai ji kunya a gaban mutanensa, shi da ya gama rantsuwa da ni yanzun nan. Amma sunana ne a ƙasan shafin. Da sunana za su ƙara wata guda.

"To, masu goyon bayan a ƙara wata, su ɗaga hannu," in ji Baba.

Hannaye suka fara tashi. Na ninke takardar biyu, na ajiye ta a kan tebur, na miƙe tsaye. Ban taɓa tsayawa a kan dattawa suna zaune ba. Umma da ke bayan labule na ji ta ja numfashi.

"Baba, a dakata."

Hannun Birki ya tsaya a rabin hanya. Baba ya ɗago kai, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"Akwai saura ne, Uwata?"

"Akwai, Baba," na ce. "Sai dai ba ya cikin takardar. Shafin nan na ƙarshe ba ni na rubuta shi ba. Ku sauke hannuwanku, in faɗa muku abin da matar ta ce."